Ƙofa da tagar kamfozit: ina kasuwar duniya ta dosa?

Injiniyan Gini
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana min yawo a kai, yau dai na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masu sana'ar a cikinmu. Shekarun nan duk kundin kamfanin kayan gini da na buɗe, na Turai ne ko na Amurka ko na Chana, sai in tarar ƙofa da tagar kamfozit ce a shafin farko, wato wadda aka haɗa kaya biyu ko uku aka yi ta, ba zallar katako ba kuma ba zallar ƙarfe ba. Da farko na ɗauka yayi ne kawai da zai zo ya wuce, sai a 2024 na ga Owens Corning, kamfanin nan na Amurka da ya yi suna a harkar zaren gilashi, ya sayi Masonite mai ƙera ƙofofi a kan kusan dala biliyan 3.9. Babu mai zuba irin wannan kuɗin a abin da yake ganin gobe za a daina. Toh tambayata, me ke tura kasuwar nan gaba, ingancin kayan ne ko wani abu ne daban? Kuma abin da aka ƙera don ƙasashen ƙanƙara zai yi wa mai zama a ƙasa mai zafi amfani kuwa?

Tsohon Kafinta
Wa alaikumussalam Injiniya. Kafin a yi nisa a faɗa mana mene ne a cikin ƙofar tukuna. Ni shekara talatin da wani abu ina yanka katako, in ka ba ni ƙofa na ƙwanƙwasa ta sau biyu zan faɗa maka busasshe ne ko ɗanye aka lulluɓe da fenti. Wannan kuwa an rufe ta ruf ba ka ganin cikinta, sai dai abin da mai sayarwa ya gaya maka.

Mai Odar Kaya
Baba gaskiyarka, kuma ai nan ruɗanin yake, suna ɗaya ne amma kayan kala-kala. A Ingila in an ce ƙofar kamfozit ana nufin ƙofar shiga gida mai fatar GRP, wato roba ce da aka ƙarfafa da zaren gilashi, an buga mata zane kamar na katako, cikinta kuma ko dai an cika da wani soso mai tauri da ake kira foliyuretan ko kuma katako ne aka manne falle-falle, kaurinta wajen milimita 44 zuwa 48. A Amurka Therma-Tru ne suka fara fito da ƙofar zaren gilashi tun 1983. Su kuma Andersen suna da wani abu da suka sa wa suna Fibrex, garin katako kashi 40 ne roba kashi 60 suke haɗawa su yi firem ɗin taga. In ka je Denmak ko Ostiriya irin su Velfac da Internorm, kamfozit a wurinsu katako ne ta cikin ɗaki alminiyam ta waje. A Japan su LIXIL da YKK AP alminiyam suke haɗawa da roba. Sannan ga WPC ɗin da Chana ke lodawa kwantena-kwantena, shi ma garin katako ne da roba, yawanci na banɗaki da ɗakunan ciki. Kaga abu biyar ko shida kenan duk ana kiransu da suna ɗaya, shi ya sa in ka karanta rahoton kasuwa guda uku kowanne da lissafinsa daban, don wani ya ƙirga wannan ya bar wancan.

Tsohon Kafinta
Ashe dai katakon namu na nan a ciki, riga kawai aka sa masa.

Mai Odar Kaya
A wasu kam yana nan Baba. Kuma Injiniya bari in ɗan gyara maka wani abu, yawancin ƙofofin Masonite na cikin gida ne da ake yi da matsattsen garin katako, ba duka ne na zaren gilashi ba. Sannan a farkon 2025 shi Owens Corning ɗin ya sanar zai sayar da sashensa na zaren gilashin ƙarfafa roba ga wani kamfani na Indiya. Ni yadda na fahimci abin, sun ga ribar ta fi yawa a kammalallen kaya da ake kafawa a gida fiye da ɗanyen kayan da kowa ke rige-rigen karya wa farashi.

Injiniyan Gini
Na gode da gyaran, wannan na biyun ban san da shi ba wlh.

Ɗalibar Zanen Gini
Sannunku iyaye da yayye. Ni a ɗan karatun da nake yi abin da na gani shi ne doka ce ke jan kasuwar nan, ba sha'awar mutane ba. A Tarayyar Turai gine-gine ke cin kusan kashi 40 cikin ɗari na makamashin da ake amfani da shi, shi ya sa a 2024 suka sabunta dokarsu cewa daga 2030 duk sabon gini sai ya zama wanda ba ya fitar da hayaƙin man fetur da gas, na gwamnati ma tun daga 2028. A Ingila tun watan Yuni na 2022 in za ka canza taga a gidan da ake ciki, ma'aunin zafin da ke bi ta cikinta, wanda suke kira U, bai kamata ya wuce 1.4 ba. Gidajen nan masu tsananin tattalin makamashi da ake kira Passivhaus kuwa 0.8 suke nema. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ita ma ta ce kashi 25 zuwa 30 na wutar da ake kashewa wurin ɗumama gida ko sanyaya shi ta taga yake zurarewa. Toh in doka ta ce ga lambar da za ka kawo, kai kuma firem ɗinka na zallar alminiyam ba zai iya kawo ta ba, dole ka nemo abin da za ka haɗa shi da shi, ko kana so ko ba ka so.

Mai Alminiyam
Ƙanwata kin yi magana mai kyau amma kar a binne alminiyam da ransa dan Allah. Ku duba dogayen benaye na Dubai ko Shanghai ko Landan ku gaya min da me aka riƙe gilasan nan, ai ba roba ba ce. In taga ta yi girma ta kai mita uku ko huɗu kuma iska na dukanta a hawa na arba'in babu abin da ke tsayawa kamar alminiyam, ba ya tsatsa gara ba ta cin sa, in ya tsufa a narke shi a sake wani. Matsalar zafin ma an daɗe da samo mata magani, ana raba firem ɗin gida biyu a sa wata siririyar roba mai tauri a tsakani don ta yanke hanyar zafin, irin su Schüco na Jamus shekara da shekaru suna yi.

Ɗalibar Zanen Gini
Yaya ai ka shigo layinmu ba ka sani ba 😊 wannan siririyar robar da ka ce, nailan ne da zaren gilashi a ciki, kenan kai ma haɗin kake sayarwa. Kuma dalilin sa ta shi ne alminiyam na wuce da zafi kusan sau dubu fiye da uPVC, wato robar nan mai tauri da ake firem ɗin taga da ita.

Mai Alminiyam
Toh na yarda da wannan. Amma a manyan benayen kasuwanci har gobe mu ne a gaba, kamfozit gidajen kwana ya fi kamawa.

Injiniyan Gini
Wannan haka yake. Amma mu koma kan tambayata ta biyu, don ita ta fi damuna. Duk dokokin nan da 'yar uwa ta kawo na mutanen da ke tsoron ɗumi ya gudu daga ɗaki ne. Mai zama a wuri mai zafi shi kuma so yake zafin ya tsaya a waje.

Ɗalibar Zanen Gini
Injiniya ai zafi bai san hanya ɗaya ba, daga inda ya fi yawa yake tafiya inda ya fi ƙaranci. Abin da ya hana shi fita a Norwe shi zai hana shi shiga a Saudiyya. In kana kunna AC firem mai kyau zai rage maka wuta. Sai dai a wuri mai rana babban ɓarawon gilashin ne ba firem ba, hasken da ke ratsowa shi ke dafa ɗakin, don haka in ka sayi firem mai tsada ka sa masa farin gilashi falle ɗaya ka yi asarar kuɗinka. Gilashi mai rufi na musamman da ke mayar da zafin rana da kuma rumfa a saman tagar sun fi komai tasiri.

Ɗan Kwangila
Bari in ba ku abin da ya faru da ni don ni da idona na gani ba labari aka ba ni ba. Wani gida da na yi, mai gidan ya dage sai ƙofar kamfozit baƙa wuluk irin wadda ya gani a hoto, aka yi oda ta iso kyakkyawa ba laifi, muka kafa ta a bangon da ke kallon yamma ba rumfa ba komai. Sati biyu da tarewa matar gidan ta kira ni wai ƙofa ta ƙi kulluwa. Na je da safe na murɗa makulli ya shiga sumul, na ce Hajiya ai lafiyarta lau, ta ce ka dawo da la'asar. Na dawo wajen ƙarfe huɗu, wlh ba ka iya ɗora tafin hannunka a jikinta don zafi, na ɗora doguwar rula a tsaye sai ga haske yana wucewa ta tsakani, ƙyauren ya ɗan lanƙwashe sama da ƙasa sun ja baya, ƙugiyoyin makullin ba sa samun raminsu. Da dare in ta huce sai ta koma daidai. Abin da ke faruwa fatar waje ta yi zafi ta buɗe, ta ciki kuma tana cikin sanyin AC ba ta motsa ba, dole ta tanƙwara. Da na koma takardar da ta zo da ita sai na ga ashe sun rubuta a riƙa ɗaga hannun ƙofar duk lokacin da aka rufe don ƙugiyoyin sama da ƙasa su kama ta, mu ba wanda ya karanta. Ƙarshe sai da muka yi mata rumfa muka sake saita hinjin, wannan kuɗin daga aljihuna ya fita.

Tsohon Kafinta
Allah ya mayar da alheri. Katako ma yana motsi amma shi da damina yake kumbura, kuma in ya kama sai in zo da abin fira in ɗan rage gefen a wuce wurin. Wannan fa in ta lanƙwashe za a iya fere ta?

Ɗan Kwangila
Amin Baba. Ina, ba a fere ta, kana taɓa fatar ka ɓata ta kenan. Sai dai ka yi wasa da hinji da ramin makulli. Shi ya sa yanzu in ƙofa za ta kalli rana nake cewa a ɗauki fara ko mai haske, in an ƙi a yi rumfa.

Mai Odar Kaya
Wannan matsalar har a Ingila ana kuka da ita lokacin bazara, balle inda rana ke da ƙarfi. Amma a taga zaren gilashi ya fi uPVC natsuwa nesa ba kusa ba, don yadda yake buɗewa da zafi kusan daidai yake da na gilashin da ke cikinsa, tare suke motsi saboda haka bakin ba ya saurin sakin gam. Shi ne abin da Marvin da Pella ke talla da shi a Amurka. Rehau ma na Jamus sun yi firem da aka zuba zaren a cikin robar don a rage sa ƙarfe a ciki.

Uwar Biyu
Ni ba 'yar sana'a ba ce, gini muke yi ni da maigidana shi ya sa nake bin maganar nan tiryan-tiryan. Abin da ke ban tsoro wuta ce. Roba da soso fa kuka ce, in gobara ta tashi Allah ya kiyaye ba narkewa za ta yi ba?

Injiniyan Gini
Hajiya tambayarki ita ce wadda ta girgiza kasuwar Birtaniya gaba ɗaya. Gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yuni 2017 ta ci rai 72. Babban abin da ya yaɗa wutar shi ne rufin da aka manna a jikin benen ta waje, amma da 'yan sanda suka ɗauki irin ƙofar da ke bakin ɗakunan, wadda kamfozit ce ta GRP da aka sayar a kan za ta tare wuta minti 30, suka gwada ta, wajen minti 15 kawai ta yi. A 2018 sai da aka janye irin waɗannan ƙofofin tare wuta daga kasuwa aka koma gwaji, kuma aka matsa cewa a riƙa gwada su ta fuska biyu ba ɗaya ba. Abin da na ɗauka daga wannan, ƙofar tare wuta ba ƙyaure kaɗai ba ne, ƙyaure da firem da hinji da gilashi da abin da ke rufe ta da kansa duk tare ake gwada su, in ka canza ɗaya takardar shaidar ta tashi aiki. Ƙofar gidan ƙasa ta yau da kullum ba a ma yi ta don tare wuta ba, ko ta katako ko ta roba. Amma in bene ne mai gidaje da yawa kar ki yarda da maganar baki, ki ce a nuna miki takardar gwajin wannan samfurin da kansa.

Uwar Biyu
Innalillahi, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na gode Injiniya, namu gidan ƙasa ne amma zan riƙe maganar takardar.

Mai Odar Kaya
Ku bari in kawo ɓangaren kuɗi don masu cewa kasuwar sama kawai take yi ba su faɗi duka ba. Daga 2021 zuwa yau babu ɗanyen kayan da bai yi hauka ba. Fabrairun 2021 sanyi ya rufe masana'antun sinadarai a Texas robar PVC ta yi wuya, watan Mayu na shekarar katako ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a Amurka, Maris 2022 bayan fara yaƙin Yukren tan ɗaya na alminiyam ya haura dala 4,000 a kasuwar Landan. Mai yin kamfozit kuma kaya uku ko huɗu yake saye, kowanne ya tashi sai ya ji a jikinsa. Zaren gilashin kansa Chana ce ta riƙe shi, kamfanin Jushi shi ne mafi girma a duniya har da masana'anta a Masar kusa da Suwez, kuma a 2020 Tarayyar Turai ta ƙaƙaba haraji a kan na Chana da na Masar ɗin. Ga kuɗin jirgi da ya tashi tunda aka fara kai hari a Bahar Maliya ƙarshen 2023 jirage suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka. Sannan kuɗin ruwa ya hau a 2022 da 2023 mutane suka rage gini, a Ingila manyan masu kafa tagogi biyu suka durƙushe, Safestyle a 2023 Everest a 2024. A Chana kuma harkar gidaje ta faɗi, babban kamfanin gine-ginen gidaje Evergrande kotun Hong Kong ta ce a rufe shi a sayar da kadarorinsa a Janairun 2024, toh masana'antun da suke yi wa waɗannan gidajen ƙofofi ina za su kai kayansu? Waje suke turowa da araha, Gabas ta Tsakiya da Afirka da kudancin Asiya, shi ya sa WPC ya cika ko ina.

Ɗalibar Zanen Gini
Kuma tallafin gwamnati ma yana zuwa yana tafiya. Italiya ta yi wani tallafin gyaran gida da ake kira Superbonus a 2020 aka yi ta canza tagogi kamar ba gobe, da kuɗin ya yi wa gwamnati yawa aka rage shi. A Amurka a da akwai rangwamen haraji har dala 600 na taga da 250 na kowace ƙofa, amma dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta kawo ƙarshensa a ƙarshen shekarar. Abin da ya rage yana riƙe kasuwar shi ne tsofaffin gidajen da dole a gyara.

Mai Alminiyam
Toh ni ga tambayar da nake so a amsa min tsakani da Allah. Ana ta cewa don kare muhalli ake yi. Ƙofar GRP in ta yi shekara talatin ta mutu ina za a kai ta? Ni guntun alminiyam ko na faɗin yatsa ba na zubarwa akwai mai saye.

Mai Odar Kaya
Nan kam ka kama su Oga. uPVC ana niƙa shi a sake narkawa, kamfanin Veka na da masana'antar yin haka a Jamus tun 1993. Amma robar GRP in ta daskare ta daskare kenan ba ta narkuwa, ga soso manne da ita ga katako ga gam, raba su ya fi kuɗinsu tsada, yawanci sai dai a niƙa a kai masana'antar siminti ko a binne. Matsala ɗaya ce da ta fukafukan injin wutar iska. Mai katako da alminiyam ya fi sauƙi don ɓalle su ake yi kowa ya kama gabansa.

Tsohon Kafinta
Ni abin da ya fi tsaya min a rai cikin duk maganar nan shi ne na Ɗan Kwangila. Kaya ya zo daga nesa da takarda ba wanda ya karanta, yaran da ke kafawa kuma ba wanda ya koya musu. Na sha ganin taga mai tsada an kafa ta a karkace an cusa takardar buhun siminti a gefe an shafe da filasta, toh zafin da aka ce za ta tare ai ta nan zai shiga, ruwa ma haka. Ni a shirye nake in koya ko a wannan shekarun nawa, in akwai mai guntun irin ƙofar nan da ta lalace ya ba ni in sa mata zarto in ga cikinta.

Ɗan Kwangila
Baba akwai samfurin kusurwa da suka haɗo min da shi a cikin kwalin, an riga an yanka shi ana ganin fatar da soson da katakon gefe. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauki hotonsa in sa a nan, in kuma kana so ka riƙe a hannu sai mu yi magana ta akwatin sirri.

Uwar Biyu
Dan Allah in za ka ɗauka ka sa rula a gefe mu ga kaurin fatar, don wadda aka nuna mana a shago da na danna ta da babban yatsa sai da ta ɗan lotsa.

Mai Odar Kaya
Hajiya in ta lotsa da yatsa ba GRP ba ce, wataƙila siririyar fatar PVC ce a kan soso. Ki tambaye shi nauyinta kilo nawa ne kuma ki ce ya nuna miki saman ƙyauren inda ba a yi wa fenti ba.